LECRAE: YARON DA YA TASHI BA UBA, YA NEMI UBA CIKIN WAƘA

Wata Lahadi bayan an tashi daga sujada, wata uwa, gwauruwa ce, ta tsare ni a bakin ƙofar majami'a. Ta ce, "Malam, don Allah ka yi wa ɗanka magana. Tun da babansa ya rasu ba ya jin ta kowa, sai ta waɗannan masu surutu cikin kiɗa. Dare da rana abin yana toshe a kunnensa, yanzu kuma har ya fara rubuta nasa a bayan littafin makaranta." Na ce, "To, Mama, zan gan shi."

Da na zauna da yaron na tambaye shi su wane ne yake saurara, sai ya jera mini sunaye, yawancinsu ban taɓa ji ba. A cikinsu akwai wani Ba'amurke wai shi Lecrae. Ya ce, "Malam, wannan kam ko kai za ka iya jinsa. Shi ma bai tashi da babansa ba." Wannan magana ta ƙarshe ita ta tsaya mini a rai, ita ce kuma ta sa na bi labarin mutumin. Abin da na samu shi ne na kawo muku yau, 'yan'uwa, gama na ga labarin ya shafi iyaye, ya shafi dattawan ikkilisiya, ya kuma shafi matasanmu.

MENE NE HIP-HOP?

Kafin mu shiga labarin, ya kamata iyayenmu da ba su san wannan kiɗa ba su san mafarinsa. An haifi hip-hop a wata unguwar talakawa da ake kira Bronx, cikin birnin Niyok na ƙasar Amurka. Ran 11 ga watan Agusta 1973 wani saurayi haifaffen Jamaika, wanda aka fi sani da Kool Herc, ya shirya wasa a gidan benen da suke haya. Ya lura cewa jama'a sun fi jin daɗin rawa a daidai wurin da mawaƙi ya yi shiru aka bar ganguna kaɗai. Sai ya sa faifai biyu iri ɗaya a kan injin juya faifai guda biyu, in wurin gangunan ya ƙare a wannan ya tayar da shi a wancan, har kiɗan ya yi tsawo. A kan wannan kiɗa ne samari suka shiga jera magana da sauri, baiti bayan baiti, ƙarshen kowane yana amsa na ɗan'uwansa. Wannan jera magana ita ce ake kira rap. Da yake ta yi kama da yadda 'yan gambara suke zuba magana a kan kiɗa a ƙasar Hausa, shi ya sa gidajen rediyo sukan kira ta gambarar zamani.

Tun farko abin na yaran talakawa ne, baƙaƙen fata da 'yan ci-rani, waɗanda ba su da kuɗin sayen kayan kiɗa ko zuwa makarantar koyon waƙa. Baki kawai ake bukata, da ƙwaƙwalwa. Waƙar farko ta wannan iri da ta bazu a duniya, ta ƙungiyar Sugarhill Gang, ta fito a shekarar 1979. A wannan shekara ce kuma aka haifi wanda muke magana a kansa.

ƘURUCIYA

An haifi Lecrae Devaughn Moore ran 9 ga watan Oktoba 1979 a birnin Houston, Jihar Teksas. Bai buɗe ido ya ga mahaifinsa a gida ba. Shaye-shayen miyagun ƙwayoyi ya ɗauke mutumin daga iyalinsa, aka bar uwa ita kaɗai da ɗawainiya. Ba gidansu kaɗai abin ya sama ba. Cikin shekarun 1980 wani nau'in hodar ibilis mai araha ya mamaye unguwannin baƙaƙen fata na Amurka, ya kai magidanta da yawa kurkuku, waɗansu kabari, waɗansu kuwa suna raye amma ba su san inda kansu yake ba.

Uwar ta yi iyakacin ƙoƙarinta. Neman abin zaman gari ya sa suka yi ta ƙaura, daga Houston zuwa Denver, yaron kuma yakan zauna wurin kakarsa a San Diego, Jihar Kalifoniya. Wannan kaka mace ce mai tsoron Allah, mai taimakon matalauta. Ita ce ta fara kai shi sujada. Amma a ganin yaron, coci wurin tsofaffi ne, ba abin da ya haɗa shi da irin rayuwar da yake gani a kan titi.

Akwai kuma wani miki da ya ɓoye shekara da shekaru. Tun yana ƙaramin yaro wata da aka bar shi a hannunta don ta lura da shi ta lalata shi. Bai gaya wa kowa ba a lokacin. Sai da ya zama magidanci ya faɗi abin a fili, cikin wata waƙarsa ta 2014, da kuma littafin tarihin rayuwarsa mai suna Unashamed, watau marar jin kunya, wanda ya fito a 2016. Iyaye, mu lura da wannan. Uwa tana wurin aiki tana neman abin da za a ci, ba ta san abin da ake yi wa ɗanta a ɗaki ba, yaron kuwa ba shi da wani babba da ya amince da shi har ya buɗe masa ciki.

UBA A CIKIN KASET

Yaro ba ya zama haka nan ba tare da wanda yake kwaikwayo ba. In babu uba a gida, zai nemo wani a waje. Lecrae ya samo nasa a wuri biyu. Na farko, manyan samarin unguwa 'yan daba, har da wani kawunsa da ya taɓa nuna masa bindiga. Na biyu, mawaƙan hip-hop. A gidan kakarsa yakan bari sai dare ya yi, kowa ya yi barci, ya lallaɓa ya kunna talabijin yana kallonsu. Daga bakinsu ya koyi yadda namiji yake tafiya, da yadda yake magana, da yadda yake ɗaukar mata, da abin da yake yi in an raina shi. Yana da kamar shekara 11 ya fara rubuta nasa baitoci.

Babban gwarzonsa shi ne Tupac Shakur, mawaƙin da shi ma ya tashi a hannun uwa. Tupac yakan yi waƙa a kan wahalar talaka da darajar uwa, yakan kuma yi ta bindiga da ramuwar gayya. Yara da yawa irin Lecrae sun ji kamar da su yake magana. A watan Satumba 1996 aka harbe Tupac a birnin Las Vegas, ya mutu bayan kwana 6, yana da shekara 25. Bayan wata shida aka kashe abokin hamayyarsa, Notorious B.I.G., yana da shekara 24. Lecrae bai cika shekara 17 ba sa'ad da wanda ya ɗauka kamar uba ya mutu.

A nan ne nake so mu tsaya mu yi tunani. Mun saba cewa kiɗa ne yake ɓata yara. Akwai gaskiya a ciki, gama abin da kunne ya saba ji, zuciya takan bi. Amma ba kiɗa ne ya kori mahaifin Lecrae daga gida ba. Kiɗan ya zo ne ya tarar da kujerar uba ba kowa, ya zauna a kai.

LITTAFI A CIKIN MOTA

Yana ɗan shekara 16 ya riga ya shiga shaye-shaye. An kama shi da sata yana makarantar sakandare, an kuma rubuta sunansa cikin jerin yaran da ake zargi da daba. Ya shiga sayar da ƙwaya. Saboda irin gangancin da yake yi, abokansa suka laƙaba masa suna Crazy Crae, watau Crae mahaukaci. Wata rana mahaifiyarsa ta ba shi shawara ya karanta Littafi Mai Tsarki, sai ya yayyage takardunsa ya watsar a ƙasa.

Duk da haka akwai wani Littafi Mai Tsarki da kakarsa ta ba shi, wanda yake ajiyewa cikin mota. Ba karantawa yake yi ba, ya mai da shi kamar laya ne, wai don ya kawo masa sa'a. Wata rana ɗan sanda ya kama shi da ƙwaya. A Amurka wannan laifi ya isa ya kai baƙin saurayi kurkuku, ya kuma ɓata masa suna har iyakar ransa. Da ɗan sandan yana binciken motar sai ya ga Littafin. Ya tambaye shi ko ya san abin da yake ciki. A ƙarshe ya sake shi, bisa alkawarin cewa zai karanta, ya kuma bi abin da ya ce.

Bai cika alkawarin nan da nan ba. Amma ya kasa manta cewa akwai ranar da ya cancanci hukunci aka ƙyale shi. Tun kafin ya san kalmar alheri, ya riga ya ɗanɗana ta a bakin hanya.

TARON ATLANTA

Da yake yaro ne mai basira, ya sami tallafin karatu don ya koyi wasan kwaikwayo a Jami'ar Arewacin Teksas da ke garin Denton. A can ya haɗu da waɗansu ɗalibai masu bi, baƙaƙen fata irinsa, masu son irin kiɗan da yake so, masu irin shigarsa, amma rayuwarsu dabam take. Abin ya ba shi mamaki, domin a da ya zaci in mutum zai bi Yesu, sai ya bar kamanninsa ya zama wani.

Yana da shekara 19 aka gayyace shi wani babban taron ɗalibai Kirista da ake kira Impact, a birnin Atlanta. Shi da kansa ya faɗa cewa ba wa'azi ne ya kai shi ba, son ganin babban birni ne da 'yan mata. A taron ya ga abu biyu da suka girgiza shi. Na farko, wata ƙungiyar mawaƙa daga birnin Filadelfiya mai suna Cross Movement ta hau dandali. Samari ne masu irin tufafinsa da irin maganarsa, gwanaye ne kuma a rap, amma abin da suke jerawa koyarwar Littafi Mai Tsarki ce, ba tare da jin kunya ba. Na biyu, wani mai wa'azi, Fasto James White, ya yi bayanin gicciye dalla dalla: bulala, da ƙusoshi, da nauyin gungumen. Ya nuna musu cewa Yesu ba rago ba ne, ya jimre abin da babu ɗan daban da zai iya jimrewa, don ƙauna kuwa ya yi. Ya kafa maganarsa a kan 1 Korantiyawa 6:20, inda Manzo Bulus yake tuna wa masu bi cewa fansarsu ba a banza ta samu ba, an biya ta da tsada.

Ga yaron da ya tashi yana ganin ba shi da wata daraja, tun da mahaifinsa ma bai ga dalilin tsayawa dominsa ba, wannan magana ta shiga inda ba abin da ya taɓa shiga. Ya durƙusa yana kuka, ya roƙi gafara. Da ya koma makaranta ya buga shaidarsa a takarda yana rarraba wa ɗalibai.

TUBA BA ITA CE ƘARSHEN YAƘI BA

Da a ce labarin irin wanda muka saba ji ne a lokacin ba da shaida, da a nan zai ƙare, jama'a su ɗauki tafi. Amma ba haka ya kasance ba, shi kansa kuma bai ɓoye ba.

Ba a daɗe ba ya koma tsohuwar hanya. Ya zama mutum biyu: a taron addu'a ɗan'uwa ne, da dare kuwa yana wurin shaye-shaye. Wata rana yana tuƙi a kan babbar hanya motarsa ta ƙwace ta yi ta juyawa, ta ragargaje, shi kuwa ya fito ba wani mugun rauni. Ya ga hannun Allah a ciki. Amma mafi nauyi cikin abin da ya bayyana shi ne, bayan ya riga ya karɓi Almasihu, wata budurwarsa ta yi ciki, ya matsa mata ta zubar, shi da kansa ya kai ta asibitin. Nauyin wannan laifi da na shaye-shaye ya danne shi har ya haɗiye ƙwayoyi da nufin ya kashe kansa. Allah bai yarda ba. Aka kwantar da shi a gidan jinyar masu shaye-shaye, a can kuwa, ba abokai, ba kiɗa, ya zauna ya karanta Littafi Mai Tsarki da gaske.

Abin da ya gane shi ne, tun da ya tuba yake ƙoƙari ya gyara kansa da ƙarfin kansa, don Allah ya karɓe shi, kamar yaron da yake wahala don uba ya dube shi. Bai fahimta ba cewa an riga an karɓe shi. Ya koma Denton, ya ƙarasa karatunsa, ya kuma sa kansa a ƙarƙashin koyarwar wata ikkilisiya ta garin, Denton Bible Church. A can aka sami maza masu bi da suka jawo shi jiki, a cikinsu har da Dhati Lewis, mai aikin bishara a tsakanin ɗalibai. Suka buɗe masa gidajensu, ya ga yadda miji yake zama da matarsa, da yadda uba yake wasa da 'ya'yansa, ya kuma tsawata musu. Abin da bai taɓa gani a gidansu ba ke nan. Wa'azin dare ɗaya ya kawo shi bakin ƙofa, amma zumunta ta shekaru ce ta zaunar da shi cikin gida.

DAGA GIDAN KANGARARRU ZUWA FAIFAI

Waƙarsa ba a babban dandali ta fara ba. Yakan je aikin sa kai a wani gidan horon kangararrun yara a Teksas. Yaran nan ba su da haƙurin sauraron dogon wa'azi, amma in ya jera musu saƙon cikin baitoci sai su yi tsit, waɗansu har da hawaye, su roƙe shi ya maimaita. A nan ya gane cewa baiwar da ya yi zaton sai ya binne ta kafin ya bi Ubangiji, ita ce ma za ta zama abin aikinsa. Harshen bai sake ba, wanda yake yi wa aiki ne ya sake.

A shekarar 2004, yana da shekara 25, shi da abokinsa Ben Washer suka kafa wani ƙaramin kamfanin buga waƙoƙi mai suna Reach Records. A shekarar ya fitar da faifansa na farko, Real Talk, watau maganar gaskiya. Shi da abokan waƙarsa, irin su Tedashii da Trip Lee da Sho Baraka, suka kira kansu ƙungiyar 116. Lambar daga Romawa 1:16 ta fito, ayar da Bulus ya nuna cewa bishara ba abar kunya ba ce a gare shi. Matasa da yawa a Amurka da waɗansu ƙasashe suka shiga sa riguna masu wannan lamba.

A 2006 ya yi aure, ya fitar da faifai na biyu, After the Music Stops, wanda sunansa yake tambayar abin da ya rage bayan kiɗa ya tsaya. Shi da amaryarsa suka koma da zama wata unguwar talakawa a birnin Memfis, inda ake yawan harbe-harbe, don su yi aiki a tsakanin yaran wurin. A 2009 suka ƙaura zuwa Atlanta don su taimaka wajen dasa wata sabuwar ikkilisiya.

HAWAN TSANI

A Amurka akwai wata mujalla, Billboard, wadda a wancan lokaci take jera faya-fayai kowane mako bisa ga yawan cinikinsu. Faifansa na uku, Rebel, wanda ya fito a watan Satumba 2008, shi ne faifan hip-hop na farko da ya zo na ɗaya a jerin waƙoƙin bishara. Na huɗu, Rehab, ya fito a 2010, sunansa kuwa yana tuna gidan jinyar da ya taɓa kwanciya. Wannan ya kai na 17 a babban jerin da ya haɗa kowane irin kiɗa na ƙasar.

A 2011 aka gayyace shi ya gwada bakinsa tare da waɗansu mawaƙa a bikin ba da lambobin hip-hop na gidan talabijin na BET. Mutanen da ba su taɓa shiga coci ba suka ji shi, suka kuma yarda cewa gwani ne. A watan Mayu 2012 ya saki waɗansu waƙoƙi kyauta a intanet da sunan Church Clothes, watau kayan zuwa coci. Cikin kwana biyu an sauke su fiye da sau 100,000. A watan Satumba na wannan shekara faifansa Gravity ya zo na 3 a babban jerin, an sayar da kimanin 72,000 a makon farko. A watan Fabrairu 2013 faifan ya ci lambar Grammy, mafi girman lambar yabo ta mawaƙa a Amurka, a sashen waƙoƙin bishara. Ba a taɓa ba mawaƙin hip-hop wannan lamba ba sai shi.

Sa'an nan a watan Satumba 2014 ya fitar da Anomaly, watau wanda ya fita dabam. An sayar da fiye da 88,000 a mako guda, ya zo na ɗaya a duk ƙasar, ya kuma zo na ɗaya a jerin waƙoƙin bishara a lokaci guda. Ba faifan da ya taɓa haɗa waɗannan biyu kafinsa. Shekara 10 ke nan daga ranar da ya kafa ƙaramin kamfaninsa. Kamfanin ya ci gaba har ya ɗauki 'yan asalin Nijeriya: Wande a 2019, da Limoblaze, haifaffen Makurdi, a 2022.

SUKA DAGA CIKIN GIDA

Ɗaukaka ba ta zo masa ita kaɗai ba. Tun daga Church Clothes waɗansu masu bi suka fara gunaguni. Sun ce ya haɗa kai da mawaƙan duniya, yana tona asirin ikkilisiya da yake maganar munafuncin waɗansu shugabanni, ya kuma daina ambaton sunan Yesu a kowane baiti kamar da. Shi kuwa ya amsa cewa ya fi so a san shi a kan shi Kirista ne mai sana'ar waƙa, kamar yadda ake da Kirista likita ko kafinta, yana kuma so ya kai ga waɗanda ba za su taɓa sayen faifan bishara ba.

Wannan gardama ba ƙarama ba ce, ba kuwa zan ce ɓangare ɗaya ne kaɗai yake da gaskiya ba. Ubangijinmu ya ci abinci da masu karɓar haraji da masu zunubi, aka kuma zarge shi a kan haka. Amma gaskiya ne kuma, mutane da yawa sun shiga kogi da niyyar ceton wani, ruwa ya tafi da su. Wanda zai bi wannan hanya yana bukatar masu riƙe masa igiya a bakin gaɓa.

Abin ya ƙara tsanani da ya fara magana a kan yadda 'yan sanda suke kashe baƙaƙen fata a Amurka. Ran 4 ga watan Yuli 2016, ranar bikin 'yancin kan ƙasar, ya sa hoton bayi a gonar auduga a intanet, don ya tuna wa jama'a cewa a 1776 kakanninsa ba su cikin masu 'yanci. Da yawa daga cikin Kirista farar fata da suke cika wuraren wasansa suka juya masa baya. Yaron da uba ya taɓa bari ya sāke jin an bar shi, wannan karo kuwa 'yan'uwa ne cikin bangaskiya. Ya faɗa cikin baƙin ciki mai tsanani, har ya yi shakkar bangaskiyarsa. A littafinsa na biyu, I Am Restored, na 2020, ya ba da labarin yadda ya nemi taimakon masu ba da shawara, da yadda ya koyi rarrabe tsakanin Almasihu da kurakuran masu kiran sunansa. A 2024 ya ƙara cin lambobin Grammy guda biyu, suka zama huɗu ke nan.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Ban rubuta wannan don in ce kowane yaro mai rubuta baiti zai zama Lecrae ba. Cikin dubu, da ƙyar ɗaya yake cin abinci da waƙa, saboda haka matasa, kada kowa ya bar makaranta ko koyon sana'a. Ku tuna shi ma sai da ya koma ya ƙarasa jami'a. Ban kuma ce a buɗe ƙofa ga kowace irin waƙa ba. Wadda take yabon zubar da jini, da lalata, da bautar kuɗi, guba ce, ko da ganga aka yi ta, ko da garaya, ko da kwamfuta. Ma'auninmu shi ne abin da waƙa take faɗa, da wanda take ɗaukakawa.

Abin da nake so mu ɗauka shi ne wannan. Ku ƙirga mutanen da Allah ya jera a kan hanyar yaron nan: kaka mai addu'a, ɗan sanda mai jinƙai, ɗalibai da suka gayyace shi, mai wa'azi da ya faɗi gaskiya, da magidanta da suka buɗe masa gida bayan ya fāɗi. Ba ko ɗaya a cikinsu da ya san abin da zai zama. Kowa ya yi ɗan abin da yake gabansa ne.

Mu ma muna da irinsa a kan bencinmu kowace Lahadi. Akwai waɗanda rikici ya mai da su marayu, akwai waɗanda ciwo ko hatsarin mota ya ɗauke iyayensu, akwai kuma waɗanda ubanninsu suna raye amma kwalba ta raba su da gida. Yakubu 1:27 ya sa kula da marayu da gwauraye cikin alamun ibada ta gaskiya. Mukan cika wannan da mudun masara da kuɗin makaranta a lokacin Kirsimati, wannan kuwa yana da kyau. Amma yaro namiji yana bukatar wani abu da ba a aunawa da mudu. Yana bukatar babban mutum da zai kira shi da sunansa, ya tafi da shi gona ko shago, ya tambaye shi abin da yake damunsa, ya tsawata masa in ya yi laifi, gobe kuma ya sāke nemansa. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Zumuntar maza, wannan aikinku ne. In ba mu zauna a kujerar nan ba, wani zai zauna.

Game da yaron da na fara da labarinsa, na roƙe shi ya karanta mini abin da ya rubuta a bayan littafin. Ya yi ta jin nauyi, daga baya ya karanta. Ba zagi a ciki, ba batsa. Daga farko har ƙarshe da babansa yake magana. Na gaya wa mahaifiyarsa kada ta ƙone littafin. Na kuma je wurin wani dattijo, abokin marigayin, na ce, "Baba, ga ɗan abokinka nan." Yanzu kowace Asabar tare suke wuni a shagonsa na kafinta.

Ubangiji ya buɗe idanunmu mu ga yaran da ya ajiye a gabanmu. Amin.